Ba A Taɓa Mai Jar Riga

Yatsu biyu ne kawai suka shafi kafaɗar Cordell Pettway, alƙalin wasa ya busa usur. Cordell ya riga ya zille, ya bar mai tsaron a durƙushe yana cakumar iska, gabansa kuma fili ne fetal har layin maki. Duk da haka alƙali ya nuna ƙasa da hannu. An kayar da shi, a ja baya yadi bakwai. Karo na uku ke nan tun da aka fara wasan, kuma har yanzu gwiwarsa ba ta taɓa ciyawa ba.

Ya miƙa wa alƙali ƙwallon. Doka ce, kuma ba yau ya san ta ba. A atisayen bazara na ƙwallon Amurka a Jami'ar Tallahala, kowane kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa ɗan'uwansa ko ya ruga da shi, jar riga yake sawa. Sauran 'yan wasa su yi ta karo kamar raguna, amma mai jar riga ba a taɓa shi. Hannu na isa jikinsa, wasa ya tsaya. An kafa dokar ne don kada a karya kwatabak a watan Afrilu, alhali wasan gaske sai Satumba.

Matsalar Cordell ita ce, duk abin da ya iya sai an taɓa shi yake farawa. Jifansa ba shi da kyan gani, ƙwallon kan tafi yana rangaji kamar agwagwa. Amma a Nuwamban bara, da babban kwatabak ɗin ƙungiyar ya karye a kafaɗa, shi aka tura, ya ci wasa biyu na ƙarshe ƙarti na rataye a jikinsa yana jan su. Irin wannan ba ya cikin abin da ake aunawa da bazara.

Ya koma gefen fili, Brayden Hulsey ya shiga. Brayden ɗan shekara goma sha takwas ne daga Texas, dogo, watansa uku a jami'a. Ya karɓi ƙwallo, ya ja baya, ya tsaya cak kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama. Masu tsaro biyu suka wuce ta gefensa hannuwa a sama. Sannan ya saki ƙwallon, ya tafi sak, ya sauka a hannun mai kamawa can ƙarshen fili. Jama'ar da suka shigo kyauta suka miƙe suna tafi.

Cordell ya ƙirga a ransa tsawon lokacin da yaron ya riƙe ƙwallon. Da Satumba ne, da yanzu ana neman haƙoransa a cikin ciyawa. Ko kuma a'a. Wannan ne abin da ba wanda ya sani, har shi Brayden ɗin.

Shekara ɗaya ta rage wa Cordell a wasan jami'a. Ranar Litinin za a buɗe ƙofar sauya makaranta, bayan 'yan kwanaki a rufe. Wanda bai fita ba ya zauna ke nan har ƙarshen kaka, ko a fili ko a benci. Wata ƙaramar makaranta, Kwalejin Yalobusha, irin wadda manyan jami'o'i ke gayyata a farkon kaka su lallasa, ta aiko ta bakin tsohon kocinsa na sakandare cewa tana duba lamarinsa. Shi kuwa Koci Strother, shugaban masu horar da Tallahala, tun Fabrairu amsarsa ɗaya ce: gasar zama kwatabak na ɗaya a buɗe take.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Cordell ya same shi a bakin ɗakin sauya kaya yana tauna ƙwayar kabewa yana tofar da ɓawo a kofin takarda.

"Koci, ina neman alfarma."

"In dai ba mota ba ce, faɗi."

"A cire mini jar rigar nan. Zagaye ɗaya. A bar su su buge ni da gaske."

Koci Strother ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka ci abinci yau kuwa, ɗana?"

"Na ci, yallaɓai. Ƙirgen kayarwa uku aka yi mini, ba wanda ya kayar da ni. Gobe jaridu za su buga shi haka."

"Ni na taɓa karanta jarida?"

"Masu ba makaranta gudunmawa suna karantawa."

Koci ya tofar da ɓawo. "In ka karye fa? In shiga kaka da yaron da bai fara aske gemu ba?"

"To ka ce mini ni ne na ɗaya, in koma in zauna da jar rigata lafiya."

"Gasar a buɗe take, Cordell."

"Shi ya sa."

Koci ya juya kofin a hannunsa. Ba mutum ba ne mai son a ce ya ji tsoro, kuma ba mai son furta sunan kowa kafin Litinin ba ne. Cikin abu biyun nan, cire riga ya fi sauƙi.

"Zagaye ɗaya," ya ce. "Kai ka nema. Zan gaya wa alƙali ya haɗiye usur ɗinsa."

Cordell ya wuce ɓangaren masu tsaro. Otis Fontenot, wanda kowa ke kira Tirela, yana zaune a kan benci ya cinye wurin mutum biyu, tawul a ka. Ɗaki ɗaya suke kwana tun shekarar farko.

"Tirela, tashi ka ji. Zan shigo ba jar riga. Ka buge ni."

"Yau ma? Ai kullum sha'awar haka nake, musamman in ka bar kwanuka ba wanki."

"Ba wasa nake ba. Koci ya yarda. Ka zo da duk nauyinka. In na faɗi, na faɗi. In ban faɗi ba, kowa ya gani."

Tirela ya janye tawul ɗin. "Mutumina, ka manta abin da ya same ni a Maris? Gwiwar hannuna ce kawai ta gogi ɗan Texas ɗin nan. Aka sa ni hawa matakalar filin nan ina sauka har na amayar da abincin shekaranjiya. Yanzu ko jar mota na gani a titi sai in ɗaga hannu."

"Ai ba ja zan sa ba. Fara ce."

"Kuma mamarka na zaune a layi na biyar. Matar da ke ba ni tarwada duk Lahadi bayan coci."

"Za ta yafe maka. Ka gaya wa sauran."

"To," in ji Tirela. "Allah ya jiƙan ka tun yanzu."

Da aka dawo fili, Cordell ya fito da farar riga irin ta kowa. Sai da aka ɗan jima kafin 'yan kallo su lura. Guna-guni ya tashi daga layukan gaba, ya bazu zuwa sama. Mai sanarwa ya ce a lasifika, Pettway zai yi wannan zagayen ba kariya. Brayden ya matso bakin layi ya cire hular kwano don ya gani sosai.

Suna yadi sittin daga layin maki. Cordell ya tsaya bayan masu tare masa, ya ga Tirela a durƙushe a gabansu yana huci. Ya kira lamba, ƙwallo ya faɗo hannunsa.

Tirela ya yi aikinsa. Ya ture mai tare shi gefe kamar labule, ya taho a guje, hannuwa a buɗe. Cordell ya sunkuyar da kafaɗa, ya ɗaure ciki, ya kafa ƙafa yana jiran karon.

Saura taki ɗaya, jikin Tirela ya yi abin da aka koya masa tun Maris. Ya ja birki, ya karkace, ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Kafaɗar Cordell ta daki iska. Ya yi tangal-tangal, saura kaɗan ya kifa da kansa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya miƙe. Mai tsaro na biyu ya iso, ya shafi bayansa da tafin hannu, ya tsaya yana duban alƙali. Alƙali kuwa an ce masa kada ya busa, bai busa ba.

Babu abin da ya rage sai gudu, don haka Cordell ya ruga. Mutum uku suka bi shi a gefe suna sassarfa, kowanne ya kai hannu ya taɓa ya janye, kamar masu gwada zafin tukunya. Ya ƙetare layin maki shi kaɗai. Rabin filin na tafi, rabi na dariya.

Ya dawo gefe da gudu. "Koci, a sake. Ba su buge ni ba."

"Zagaye ɗaya ka nema," in ji Koci Strother, idonsa na kan fili. "Kai ka gama shi da wuri. A kawo masa jar rigarsa."

Bayan wasa 'yan jarida suka kewaye Koci a tsakiyar fili. Cordell na wucewa ya ji shi yana cewa ya koyi abubuwa da yawa a kan yaran biyu, kowannensu ya nuna halinsa, kuma ya yi wuri a yanke hukunci. Wani ya tambaye shi game da gudun yadi sittin ɗin. Koci ya ce sai ya kalli faifan bidiyo.

A wurin ajiye motoci, garin furen itatuwa ya yi wa kowace mota rawayar hoda. Mama Ernestine, mahaifiyar Cordell, ta buɗe bayan motarta ta jera tarwada soyayya, burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Rediyon motar maƙwabta na kunne, masu buga waya suna ta bayani. Wani ya ce ɗan Texas ya gama magana da hannunsa. Wani ya ce gudun Pettway ba gudu ba ne, ko kakarsa za ta yi shi da sanda.

"Wannan mutumin ba ya zuwa coci," in ji Mama. Ta kama hannun Cordell ta juya shi tana duba gaba da baya. "Ko ƙwarzane babu. Na gode wa Allah. Da na ga farar rigar nan sai da na rufe ido."

"Da kin buɗe, Mama. Ba abin da ya faru."

Tirela ya iso yana jan ƙafa, ya tsaya nesa kaɗan.

"Matso mana, Otis," in ji Mama. "Kai ne mai hankalin cikinsu." Ta ɗora masa tarwada biyu a faranti.

"Tsakani da Allah na yi niyya," Tirela ya ce wa Cordell. "Na taho zan niƙe ka. Sai na ga fuskarka, ƙafafuna suka tuna matakala."

"Ci abincinka."

Koci Strother ya biyo ta wurin a ƙaramar motarsa ta cikin fili, ya rage gudu, ya taɓa hularsa. "Barka da yamma, Madam Pettway. Kin haifi jarumi."

"Na sani, Koci. Shi ne na ɗaya ko kuwa?"

"Bazara ba ta nuna komai, ranki ya daɗe. Sai kaka ake gane kwatabak."

"Kafin kaka ƙofa ta rufe, Koci," in ji Cordell.

"Haka ne," in ji Koci cikin fara'a, ya karɓi burodin masara guda, ya ja motarsa.

Wayar Cordell ta yi ƙara a aljihu. Tsohon kocinsa na sakandare ne. Ya koma gefe ya saurara, ya ce "to" sau biyu, ya kashe. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya dawo.

"Mutanen Yalobusha ne," ya ce. "Sun ga gudun nan a intanet. Wani ya ɗauka daga can saman fili, ba a ganin hannun kowa. Kocinsu ya ce bai taɓa ganin mai zillewa irina ba, mutum biyar sun kasa riƙe ni. In na zo, ni ne na ɗaya."

Tirela ya fashe da dariya har ya ƙware. "Mutum biyar? Har da ni?"

"Kai ne ka fi burge shi. Ya ce na bar ka a tsaye kamar gunki."

"Za ka gaya musu gaskiya?" in ji Mama.

"Sun ga wasa biyun Nuwamba, suka ce suna dubawa. Wannan suka gani suka yarda." Ya ɗauki faranti. "Litinin zan sa sunana cikin masu sauya makaranta."

Mama ta ɗauki kofi. Ta zuba masa shayi, ta goge murfin kwano da ba shi da datti.

Tirela ya ci gaba da tauna, can sai bakinsa ya tsaya. "Dakata. Yalobusha. Ba su ne za mu buɗe kaka da su ba?"

"Su ne. Asabar ta farko a Satumba, a filin nan."

"Ba jar riga."

"Ba jar riga."

Mama ta dubi ɗanta, ta dubi faɗin kafaɗun Tirela. "Ranar nan ma za ka ɗaga hannu, Otis?"

Tirela ya sunkuyar da kai. "Ranar nan in na ɗaga hannu, Mama, matakala zan hau."

Ta gyaɗa kai. Ta sa cokali mai yatsu ta ɗauke tarwada ta biyu daga farantinsa, ta ɗora a na Cordell.