Sunan Ɗan Fari

Tun ranar da sunanta ya fito cikin maniyyata, Inna Batulu ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta daka yaji, ta yi dambun nama, ta zaga dangi daga Ƙofar Kibo har Tudun Wada tana neman gafara. Shekara saba'in tana mafarkin Makka, murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Sai dai sau biyu ta bar tukunya ta ƙone, rannan kuma ta yini neman carbi yana wuyanta. Ɗanta na fari, Malam Ɗahiru, ya ce sai likita ya gwada ƙwaƙwalwarta. In ta kasa, babu tafiya, don ba zai yarda ta ɓace a Mina ba.

Likitan yana duba marasa lafiya kusa da Ƙofar Doka. Saurayi ne, tashin Legas, akwai Hausa a baki, al'ada kuwa sai a hankali. Ya gargaɗi Ɗahiru kada ya sa baki, sannan ya faɗa mata abu uku ta riƙe a ka: akuya, tabarma, goro.

"Inna, wane wata muke ciki?"

"Sha biyu ga Shawwal, ɗana."

Sai da ya leƙa kalanda kafin ya yarda. Ta lissafa masa ƙofofin gari tiryan-tiryan, har da waɗanda bai taɓa ji ba. Da aka dawo kan abu ukun nan ta kawo akuya da tabarma, goro ya tsere mata, ita da ba ta yini ba goro. Abin ya ba ta haushi ƙwarai.

"Saura ɗaya, in kin ci kin haye," in ji likita. "Wannan da ke zaune, yaya sunansa?"

Batulu ta sunkuyar da kai. Wace uwa mai kunya ce ke kama sunan ɗan fari? Shekara hamsin da ɗaya "wancan" take ce masa, kuma bai taɓa kasa amsawa ba. Ɗahiru ya buɗe baki, likita ya ɗaga masa hannu. Ta saci kallon ɗan nata, sai ta ga tsoro ƙarara a fuskarsa, ashe shi ma bai tabbata tana tune da sunan ba. Alƙalamin likita ya doshi takarda.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ɗahiru," ta ce. "Sunan kakansa ya ci."

"Na'am, Inna," ya amsa. Yau ne ya fara jin sunansa a bakinta.

Likita ya sa hannu. Ya ce ta tafi, amma a haɗa ta da mai kula, kuma in ta dawo ta zo a sake gwaji. Batulu ta miƙe tana hamdala, har ta kai ƙofa tana lissafin masu tsaraba. Ɗahiru kuwa bai motsa daga kujera ba.

"Likita," ya ce a hankali, "don Allah ko za ka sake tambayarta?"