Arika a Gidan Minnatullah

Hannun Mairama na cikin ƙullun alkama lokacin da Minnatullah ta sake kara mata waya a fuska.

"Khala, duba da kyau. Kin ga yadda take murzawa? Da tafin hannu, ba da yatsu ba."

A cikin wayar wata tsohuwa ce da malfar kaba, zaune a gindin dutse, tana cuɗa gurasa mai zafi a akushi. Mairama ta kalle ta sau ɗaya ta ci gaba da aikinta. Shekara talatin da takwas tana tuƙa tuwo da suyar masa a Makka, tun tana Nakkasa kafin rusau ya ci layinsu, har yanzu da take haya a Kudai kusa da tashar bas. Amma yau yarinyar da ta goya a bayanta ce za ta koya mata murza gari.

Minnatullah 'yar ƙanwarta Saudat ce. Saudat ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, Mairama ta riƙe ta har ta gama sakandare, sannan uban, wanda yake da takardar ɗan ƙasa, ya tuna yana da 'ya. Yanzu tana aiki a ofishin wata makaranta, tana auren Rakan, suna zaune a bene na uku a Zahir. A da Inna take ce mata. Tun da ta yi aure ta koma Khala, kalmar da ake kiran 'yar'uwar uwa da ita, ake kuma kiran kowace tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin titi.

Wata huɗu ba ta kira ba, sai jiya. Ita da Rakan sun dawo daga hutun kwana tara a duwatsun kudu, kuma ta gayyaci matan ofishinsu su shida su zo cin arika irin ta can. Ta gwada sau biyu da kanta, ta farko ta ƙone, ta biyu ta zama kamar ƙasar gini. Mairama ta bar wa maƙwabciyarta Aishat tandar masa a ranar Asabar, ranar da direbobin bas suka fi yawa, ta zo. Ta san za ta zo tun kafin yarinyar ta gama magana, wannan ne ma ya fi ba ta haushi.

Tun safe take jin labarin tafiyar, sau uku ke nan. Minnatullah ce ta tuƙa motar da kanta, ta hau dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa, Rakan yana gefe yana ɗaukar hoto. Daga nan Baha, daga Baha Abha, suka gangara Rijal Alma a wata hanya mai murɗiya da gajimare ya rufe har ba ta ganin bakin motar. Birai sun hau musu rufi. Sun ga maza da kambin furanni a ka, sun ga mata suna zana bangon ɗaki da ja da kore, sun ci naman da aka gasa a rami. Duk inda ta kai a labarin sai ta dafa ƙirji ta ce mutanen can sun riƙe asalinsu.

Mairama ta ɗanɗana zuman da aka sayo a can, wanda Minnatullah take kira sidir tana lumshe ido. Zuman magarya ne. Mai kyau ne, ba ta musa ba, amma kakarta a Dutsin-Ma ta sha wanda ya fi shi ba tare da ta hau mota kwana tara ba. Arikar ma me ce ce? Gurasar alkama a dake, a zuba man shanu da zuma, a jera dabino. Duk macen da ta iya dama fura ba za a kira mata taro a kan wannan ba.

Da ta wuce falo ɗauko babban faranti ta ga tsarabar. Faifai bakwai an kafa su a bango kamar hotunan iyaye, kwanduna a kusurwa, tukunyar dutse a kan tebur da fitila tana haska ta. Ta tsaya ta juya faifai ɗaya. Saƙar sakwa-sakwa ce, rinin ma tuni ya fara zuba. Ranar auren Minnatullah, Mairama ta kawo mata akushi da faifai uku saƙar mahaifiyar Mairama, kayan da ta yi shekaru tana ɓoyo a ƙasan akwati. Amarya ta ce ba wuri a gidan. Daga baya Mairama ta ga akushin a ɗakin mai gadi, ya tara ƙusoshi a ciki.

Rakan ya leƙo kicin kafin ya fita, ya sumbaci kan Mairama, ya ce ta yi masa addu'a. Shi bai taɓa damuwa da ko ita wace ce ba. Yana fita Minnatullah ta rage murya. Ta ce ita za ta kai faranti da kanta, kada Khala ta wahala. Ta ce idan Aishat ta kira a waya, a yi magana a hankali, saboda bangon ba shi da kauri. Ba ta ce kada a yi Hausa ba, amma Mairama ta ji.

Bayan azahar baƙi suka iso, turarensu ya riga su shiga kicin. Mairama ta zauna a kan kujerar roba tana jin su ta ƙofa. An kunna hotunan a talabijin, ana ta mashallah. Wata mai murya sama da ta kowa tana cewa al'ummar da ta yar da girkin kakanninta ta yar da kanta. Da arika ta shiga falon ba a jin komai sai ƙarar cokali. Can Nora, shugabar ofishin, ta tambaya ko wa ya yi wannan.

Minnatullah ta yi dariya ta ce wata tsohuwa ce ta koya mata a Rijal Alma, hannu da hannu. Nora ta ce ai ta ji motsi a kicin.

"Wata mata ce da ke taya ni wanke-wanke," in ji Minnatullah.

Mairama ta dubi tukwanen da ke jiƙe a wurin wanki. Da ta yi niyyar wanke su. Ta tuna shekarar da ƙyanda ta kama yarinyar, ta yi sati biyu ba ta kunna tanda ba, tana shafa mata ruwa a baya da tsumma. Ta jira ta ji hawaye, ba su zo ba. Abin da ya zo mata irin kallon da take yi wa alhajin da ya ci masa goma sannan ya ce ba gishiri.

Ƙofar kicin ta buɗe. Wata doguwa ce mai zobba a yatsu huɗu, ta ce da Larabci hannu za ta wanke. Daga muryar Mairama ta gane ita ce mai maganar girkin kakanni. Matar ta tura ƙofa da diddige, ta buɗe famfo, ba ta sa hannu a ruwan ba.

"Inna," ta ce, da Hausar da ta daɗe ba a taɓa ta ba, "ba ke ce mai masa ta bakin masallaci a Nakkasa ba?"

Sunanta Samah, 'yar Abdulhadi tela. Ta hango Mairama ne lokacin da aka buɗe ƙofa za a fito da faranti. Mairama ta ƙura mata ido har ta gano yarinyar da ke zuwa da kwanon sha mai lotsattsen baki, ba takalmi, tana cewa Baba ya ce a ƙara miya. Samah ta ce mahaifin nata yana kwance tun Ramadan, ba ya cin komai, masa da miyar taushe kawai yake ambata. Ta nemi lambar waya. Mairama ta ba ta, ta ce amma kada ta aiko direba, ta zo Kudai da ƙafarta.

Samah ta rufe famfo, ta riƙe hannun ƙofa.

"Don Allah kada Minna ta ji. Kin san irinsu, 'yan asali. Sai ta fara yi mini wani kallo a ofis."

Mairama ta ce ta san irinsu sarai.

Ba a yi minti biyar ba Minnatullah ta shigo da kofunan shayi, fuskarta a ɗaure. Ta tambaya me Samah ta daɗe tana yi a nan. Hannu ta wanke, in ji Mairama. Minnatullah ta sauke numfashi, ta ce Samah 'yar babban gida ce, danginta duk a Madina suke, ba a son a yi abin kunya a gabanta. Ta ce Khala ta ɗan jira su tafi, ko kuma in tana sauri ga ƙofar baya nan, ta sauka ta matakala.

Mairama ta goge hannunta da tawul, yatsa bayan yatsa. Ta saka abayarta, ta ɗauki jakarta, ta bar tukwanen yadda suke. Minnatullah ta koma falo da shayi, ba ta lura cewa an biyo ta ba sai da ta ajiye tire ta zauna.

Mata bakwai suka ɗago kai. A talabijin motar tana ta hawa dutse cikin gajimare. Mairama ta ratsa tsakiyar kafet ba ta yi sauri ba, ta wuce ƙarƙashin faifan, ta buɗe ƙofar gaba. Sannan ta juyo, ta yi magana da Hausa, da muryar da take kiran direbobi a tasha.

"To 'yan mata, ni na wuce. Sai an jima."

"A gai da gida," murya biyu suka amsa tare, kafin masu su su ankara.

Minnatullah ta dubi Samah, Samah ta dubi Minnatullah. Nora ta ajiye kofinta tana tambaya me aka ce. Mairama ta ja ƙofar a hankali, ta danna lif, ta kira Aishat ta ce a jiƙa shinkafar gobe da ɗan yawa, akwai mara lafiya.