Fili a Bakin Fadama

Yana cikin tura babur ɗinsa da ya ƙi tashi wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Auta, gobe zan sa hannu in sayi filin nan na kamfaninku da ke bakin fadama. Na ce bari in gaya maka kada ka ji a bakin mutane."

Ya jingine babur ɗin a katanga ya tsaya cak. Aikinsa a kamfanin sayar da filaye rubutu ne, kuma a kan fadamar nan ya yi rubutu iri biyu. Na farko yana durowar manaja: ƙasar laka ce, ruwa na kwanciya har bayan damina, gini zai tsage, sauro ba ya zuwa hutu. Na biyu ya tafi rediyo, inda wani mai zaƙin murya ke karantawa safe da yamma: wuri ne da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, balbelu na sauka kamar an shanya fararen kaya. A kan na biyun aka ƙara masa girma.

Ya bar babur ɗin nan ya tari tasi. Duk hanya ƙafarsa na rawa, har na kusa da shi ya tambaye shi ko fitsari yake ji.

A ƙofar asibiti ya same ta, ta tashi daga aiki. Ungozoma ce, ta kusa ritaya, kuma tun rasuwar mijinta take gidan haya. Ya karanto mata rubutun farkon nan da ka, bai tsallake komai ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Wani a ofishinmu."

"Ɗan baƙin ciki ne. Magana ba gishiri, kamar sakamakon gwajin jini. Na rediyon kuwa kana ji ka san mutum ya je ya gani da idonsa."

Bai taɓa zuwa ba. Daga hotuna da bayanin masu awo ya yi aikinsa.

"Yaya, ni na rubuta duka biyun."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To a wanne ka yi ƙarya?"



"Zo mu je ki gani," ya ce.

Sun isa rana ta yi sanyi. Ya zo da fatan wari da kwaɗi da baƙin ruwa, amma fadamar ta ci amanarsa. Ruwan ya ɗauki jan rana, ciyawa na kwantawa tana tashi, ga balbelu can suna sauka ɗaya bayan ɗaya kamar kamfanin ne ya ɗauko su haya.

"Yaya, ƙasa za ki duba, ba sama ba!"

Ya taka gefen hanya da gangan. Laka ta haɗiye shi har ƙwauri. Ya zaro ƙafa, takalmin bai biyo ba.

"Kin gani? Nan falonki zai zauna."

Ba ta waiwayo ba. Ta kashe sauro a wuyanta, idonta na kan ruwan.

"Auta, ashe ba ka iya rubutu ba. Ka rage abu da yawa." Ta gyara mayafi. "Gobe kai za ka raka ni."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a laka yana neman kalmar da za ta tsorata ta. Abin da ya zo masa jimla ce a kan hasken nan da ke kwance bisa ruwa, wadda ta fi ta rediyo kyau nesa ba kusa ba. Manaja zai so ta.