Sharar da Ta Ƙi Cin Wuta

Shekara goma sha tara Injiniya ya yi yana kula da tanderun ƙona shara na birni, bai taɓa ganin ya ci wuta da kansa ba. Ranar buɗewa kaɗai ya yi hayaƙi, shi ma dizal aka yi ta tuttula masa har manyan baƙi suka gama tafi suka shige motocinsu.

Tanderun ba shi da laifi. Waɗanda suka ƙera shi da sharar ƙasarsu suka auna: kwali, takarda, kujerar da aka gaji da launinta. Sharar nan kuwa ɓawon kayan miya ce da toka da yashin tsakar gida, jiƙe sharkaf. Ɗan abin da zai kama wuta, masu tsince-tsince sun kwashe shi tun a hanya.

"Injiniya, mu fa ko shararmu ba ta yarda a ci banza," in ji direban tifa, yana juye lodin safe a rami. "Zo ka matse, ka samu na wanka."

Saura kwana uku Injiniya ya yi ritaya, kuma abu ɗaya yake so: ya tsaya a 'yar tagar gilashin tanderun, mai faɗin tafin hannu, ya ga wuta tana ci ba da dizal ba. Sau ɗaya ya taɓa gani, da aka tura shi kwas ƙasar masu tanderun. Tun daga nan ko ashana matarsa ta ƙyasta sai ya bi ta da ido.

"Da ni kake yi wa wannan kallon, da na gode Allah," takan ce.

Ranar ƙarshe ya shiga ofis kwashe kayansa. Kabad uku cike da rahotanninsa, kowane wata kwafi huɗu, duk a kan dalilin da ya sa shara ba ta ci. Ba wanda ya taɓa aikowa a karɓa. Ya zaro ɗaya, takardar ta yi ƙaras a hannunsa. Tun da ya zo ma'aikatar bai taɓa riƙe abu busasshe haka ba.

Ya leƙa ya kira tsohon maigadi. "Baba, kawo baro."

"Gida za a kai?"

"Tanderu."

"Ranka ya daɗe, wahalarka ce fa ta shekara da shekaru."

"Yau za ta yi amfani."

Sawu goma sha ɗaya suka yi. Ashanar ma ta Baba ce. Wutar ta fara a kunyace, sai kuma ta miƙe tana ruri. Allurar ma'aunin zafi, wadda Injiniya ya ɗauka tsatsa ta kashe ta, ta ɗaga kai. Ya manna fuska a gilashin, bai ko ƙifta ba.

Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. "Maigida, ina shanya na hango hayaƙi a bututunku. Lafiya?"

"Lafiya lau. Tsaya ki kalla, ba zai daɗe ba."

Minti goma sha biyar wutar ta yi tana ci. Allurar ta koma inda ta saba kwanciya.

"To, wannan ma za a rubuta rahotonsa?" in ji Baba.

"Wanda ya gaje ni ya rubuta. Kwafi huɗu, kuma ya ajiye inda ruwa ba ya taɓawa."

Baba ya tura baro ya fita. Injiniya ya ɗora tafinsa a kan gilashin, bai ɗauke ba sai da ya huce.