Ciwon Ƙugun Zuliha

Tun tana yarinya Zuliha ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A Bunkure an san ta da turara shinkafa. Manoma su kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, sannan a kai inji. Ita ke juye duron, ita ke kinkimar buhu, ba ta jiran kowa.

Haihuwarta ta bakwai, a daminar 1986, ita ce ta sauya mata jiki. Ta yi wankan jego kwana arba'in cif, ta sha kunun kanwa, amma ciwon da ya riƙe mata ƙashin mara bai sake ta ba. In ta buɗe ƙafa za ta tsallake kwata, sai ta ji kamar ana raba ƙugunta biyu. Wani abin ma ya fi ciwon damunta. In ta yi tari, ko dariya, ko ta ɗaga tulu, sai fitsari ya ɗan zubo mata. Takan yi alwala uku kafin ta idar da la'asar. Ta daina zuwa suna da biki. Sai ta wuni tana kewaya tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa murhu ta dawo.

Wata biyar tana ɓoyewa. Wata rana mijinta Datti ya dawo daga ban ruwan alkama da hantsi, ya tarar da zannuwa huɗu a kan igiya.

"Zuliha, wankin me kike yi kullum haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ina tsoron yoyon fitsari ne ya kama ni."

Ya jingine fartanyarsa. Washegari suka shiga motar birni.

A asibiti likitar mata ta duba ta, ta ce babu inda ya ɓule, ba yoyon fitsari ba ne. Ta ba ta takarda zuwa ɗakin gashin ƙashi. Can suka sami wata matashiya mai farar riga, Sa'adiya, 'yar Madobi. Ta ce Datti ya jira a benci, ta ja labule. Ta sa Zuliha ta yi tafiya, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta kwanta. Ta danna nan, ta danna can, tana tambaya.

"Yaya Zuliha, naman da ke riƙe da mara daga ƙasa ne ya saki, ƙashin gaba kuma bai gama komawa ba tun haihuwa. Za a iya ƙarfafa su. Ki matse ƙasanki kamar kina riƙe iska a cikin jama'a. A'a, ban da cinya. Kada ki riƙe numfashi. Yauwa, haka. Ki ƙirga biyar, ki saki."

Ta ce a yi goma-goma bayan kowace salla, a ɗaure ƙugu tam da gyale mai faɗi, kuma ban da ɗaga nauyi har mako shida.

Zuliha ta tashi zaune. "Allurar fa, likita?"

"Babu allura."

"Ƙwaya?"

"Babu."

Suka shiga mota suka kamo hanyar gida har suka wuce Kura. Can ta ce wa Datti, "Tun asuba muka baro gida don yarinya ta ce in matse in saki."

Ta gwada dai. Kwana tara tana yi a kan sallaya, tana ƙirgawa tana leƙen buhunan da aka jingine a zaure. Ba ta ga wani sauyi ba. A rana ta goma ta ji ƙamshin turare daga gidan Asta maƙwabciyarta, wadda masu shanshera suka fara komawa wurinta. Zuliha ta kwance gyalen, ta hura wuta. Da shinkafa ta turaru ta kama bakin duron ta rinjayo shi. Wani abu ya tsarga mata daga mara har gadon baya, ta durƙushe a nan, zaninta ya jiƙe. Asta ce ta jiyo salatinta ta shigo ta kama ta zuwa ɗaki.

Kwana uku tana kwance tana kallon azara, tana jiyo kukan injin shinkafa daga bakin kasuwa. Ta ce ba za ta koma asibiti ba, kunyar yarinyar take ji. Datti ya ce ya riga ya roƙi ƙaninsa ya karɓar masa ban ruwan ranar Talata, don haka tafiya ba fashi.

Sa'adiya ta saurare ta har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba.

"Laifina ne ma, Yaya. Na ce ki zauna, ban tambayi irin aikinki ba. Nuna mini yadda kike juye duron."

Zuliha ta kwatanta da bokitin ɗakin. Sa'adiya ta girgiza kai. Ta nuna mata yadda za ta lanƙwasa gwiwa, ta haɗe ƙafafu kusa, ta matse ƙasa tukuna, ta fitar da numfashi sannan ta ɗaga. Ta ce duro kam a bar shi a inda yake, a riƙa kwasar shinkafar da ƙwarya kaɗan-kaɗan.

"Ai sai rana ta faɗi ban gama ba," in ji Zuliha.

"Ta faɗi. Gobe ma akwai wata ranar."

Haka ta koma aiki, rabin abin da ta saba, tana yi tana tsaki. Duk bayan mako biyu ta je birni a ƙara mata wani motsin. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Sai da aka yanke alkama, tumatir ya ƙare a gonaki, sannan ta lura wani lokacin tana wuni da zani ɗaya. Ciwon kuwa yakan leƙo in ta wuce gona da iri.

Ranar da Sa'adiya ta sallame ta, ita kaɗai ta je, da goyonta. A hanyar dawowa motar ta mutu, saura kamar mil biyu a shiga gari. Direba ya buɗe inji, fasinjoji suka baje a gindin mangwaro. Zuliha ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Sai ta gyara goyo, ta ƙara tamke gyalen ƙugunta, ta hau gaɓar babbar hanyar ruwa ta miƙe.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Baiwar Allah, ki jira mana, yanzu zai tashi!"

"Ku same ni a gaba, Inna."

Ruwa na gudu a gefenta, balbelu na bin kunyoyin da aka huɗe. Wajen ƙaramar gada ƙugun ya fara yi mata magana. Ta tsaya, ta zauna a kan simintin, ta sauke jaririyar ta ba ta nono. Tana zaune motar ta zo ta wuce, direban yana mata hon. Ta ɗaga masa hannu ya tafi abinsa. Da yarinyar ta ƙoshi, Zuliha ta lanƙwasa gwiwa, ta fitar da numfashi, ta miƙe ta ci gaba.