Esin Manaja

Mijin Yayata ya ce tun da aka fara tsadar nan shi bai ji ta a jikinsa ba, sai dai a rediyo. A tsakar gidan hayarmu ya faɗa, da rana tsaka, sanye da rigar sanyi. Ya ce duk mutumin da yake kwana a ɗaki mai esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙwaƙwalwarsa a sanyaye take, shi ya sa lissafi ba ya kwance masa. Ya gama, ya share gumi da hannun rigar.

Manaja ake ce masa. A wurin aiki shi ne mai rubuta lambar motocin da suka zo ɗaukar siminti. Sunan shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi shi.

Mita ɗaya gare mu a gidan, ɗaki takwas. Idan kuɗin wuta ya zo, wani tsoho da muke kira Baba Mai Mita ne yake rabawa, gwargwadon kayan wutar kowa. Ƙwan fitila kaso ɗaya, fanka biyu, dutsen guga huɗu. Saboda haka duk ranar da Baba zai zaga ɗakuna, gidan nan babu mai komai. Matar wani direba da ke gidan a cikin bokitin wanki take ɓoye butar dafa ruwa, ta zauna a kai tana gyaran farce. Kowa rage kayansa yake yi. Manaja kaɗai ne ya taɓa tare Baba a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ka manta esi. Rubuta."

Baba ya ce, "Ɗana, wannan fa kaso goma sha biyar ne."

"Rubuta, Baba. Wanda ya sha sanyi ai shi zai biya."

Esin wani farin akwatin ƙarfe ne da muka dawo daga unguwa muka tarar a cuse a ramin bango, rabi ciki rabi waje. Bai taɓa tashi ba. Manaja ya ce ɗan gyara kaɗan yake so, sai an yi albashi. An yi ta yin albashi. Kafin gyaran dai ya kafa doka: taga a rufe, ƙofa a rufe, kada sanyi ya fita. Da asuba yakan zaga baya da kofi ya tsiyaya ruwa a ƙarƙashin akwatin, don a ga yana ɗiga. Da aka tambaye shi me ya sa ba a jin ƙararsa, ya ce sabon yayi ne, masu ƙara na talakawa ne.

Mu biyar muke kwana a ɗaki da falon: shi, Yaya, yaransu biyu, da ni a kan tabarma kusa da keken ɗinki. Bayan yaran duk ƙurajen zafi. Ƙaramar ta taɓa tambayata, "Anti, sanyi shi ne wannan abin da yake sa mutum ƙaiƙayi?" Na ce ta tambayi babanta, shi ya fi ni karatu. Ni nawa a tsofaffin jaridun da ake naɗo mana zare na yi shi.

Keken na Yaya ne, na ƙafa, ba ya shan wutar kowa. Shi yake ci da mu daga tsakiyar wata zuwa ƙarshe. Ita tana ɗinki, ni ina kalmasa da sa maɓalli. A da kayan sawa sababbi ake kawo mata. Yanzu sai faci, da sauke wandon yaro, da juya wuyan riga. Mai da muke saya a kwalba ya koma cokali, sabulu kuma Yaya da zare take yanka shi uku.

Sai aka ƙara kuɗin wuta, aka sake ƙarawa. Kason Manaja ya zama kusan rabin na gidan, ya fara cewa Baba ya ɗaga masa ƙafa zuwa wata mai zuwa. Bashin ya taru har ma'aikatan wuta suka zo da tsani suka ce idan ba a cika ba za su yanke wutar gidan gaba ɗaya. Kowa ya biya nasa. Saura mu.

Yaya ta same shi yana goge takalmi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baban yara, ka je ka gaya wa Baba gaskiya. Ka ce ba ya aiki. Mutumin kirki ne, zai rage."

"In ce me? A gaban matar direba?"

"To da me za mu biya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Keken nan ai ya tsufa. A fitar da shi, idan abubuwa suka daidaita in saya miki na wuta."

Yaya ta juya ta bar shi. Ta koma ta ƙarasa facin da take yi, ta yanke zare da haƙori. Na ga ta daɗe da hannu a kan ƙafar keken bayan ya tsaya.

Washegari da hantsi dillali ya zo da yaronsa da baro. Duk gidan aka fito, wai shanya ake yi. Manaja ya tare su da rigar sanyinsa yana bayani da ƙarfi, cewa sauya kaya yake yi, shi ba ya son tarkace a ɗaki.

Matar direba ta ce, "Manaja, da ka ba mu aron sanyi ko kofi ɗaya kafin a yanke."

Ya ce, "Hajiya, ba kowane jiki ne yake ɗauka ba."

Sun kama keken, wanda Manaja ya riga ya jawo ƙofar ɗaki, za su ɗaga ke nan Yaya ta dafa shi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a tsakar gida ba sai ranar.

"Malam, bar wannan. Ga esi can, shi za ka saya. Ko da gyara ai ya fi keke kuɗi."

Manaja ya ce, "Ke! Wa ya ce miki na sayarwa ne?"

"Baban yara, sanyin ya ishe mu haka. Yaran ma sun gode."

Baba Mai Mita ya ce ai shawara ce mai kyau, kaso goma sha biyar zai sauka daga wuyansa. Dillali kuwa idonsa har ya yi haske. Kafin Manaja ya haɗa wata magana sun shiga ɗakin. Na ji dillali yana cewa, "Kai, wannan ɗaki ko gidan burodi?" Na ɗauka Yaya za ta yi dariya. Hannunta yana kan keken.

Dillali da yaronsa suka gyara tsayuwa su biyu, suka yi bisimilla, suka ja da ƙarfinsu. Saura kaɗan su faɗi ta baya. Yaron shi kaɗai ya fito da akwatin tsakar gida, a hannu ɗaya, kamar ya ɗauko kwandon shara.

Dillali ya ɓalle murfin gaban ya leƙa. Ya dubi Yaya, ya sassauta murya.

"Uwar gida, ki yi haƙuri. Keken dai zan ɗauka."

Yaya ta ɗauke hannunta. Yaron ya ajiye akwatin ya jawo baro.

Manaja ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Ku ba ku san kaya ba. Na yanzu haka ake yin su, ba nauyi."

Dillali ya ɗaga akwatin sama ya juyo da shi wajen mutane. Babu inji a ciki, babu ko guntun waya. Ta cikinsa na hango igiyar shanya da fuskar Baba Mai Mita.