Sifaniyanci a Kasuwar Takalma

Shetu ba son kasuwanci ne ya kai ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Kunya ce ta kore ta daga gida.

Shekara uku ta kwashe a jami'a a Akra tana karatun Sifaniyanci, harshen da a duk zangonsu na Kumasi ba wanda ya san ko gaisuwarsa. Burinta ta sami shaidar koyarwa, ta zama malamar sakandare. A jarrabawar rubutu ba mai kamo ƙafarta. Amma da aka tura ta koyarwar gwaji, aka tsayar da ita gaban aji cike da yara, ga mai duba malamai zaune a kujerar baya yana kallonta, sai murya ta maƙale mata a wuya. Ta juya ga allo, allin ya karye a hannunta. Wata yarinya ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Sau biyu aka sake ba ta dama, sau biyun haka ta faru. Daga ƙarshe aka ce ta dawo baɗi ta maimaita.

Ta koma Kumasi ta shige ɗaki, ta ce ita da karatu har abada.

Ƙanwar babanta, Goggo Rekiya, wadda ta daɗe tana sarin takalma daga Sin, ita ce ta ce wannan zaman ba zai yiwu ba. "Tunda boko ya ƙi, tashi ki bi ni ki koyi neman na kanki. Ga Turanci a bakinki, ni kuma nawa na kasuwa ne."

Haka suka sauka Guangzhou a damina ta shekarar 1998, suka kama ɗaki a wani ƙaramin otal a titin Liuhua Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Kullum da safe su nufi kasuwar Zhanxi Lu, inda takalma suke jibge tun daga ƙasa har rufi. Goggo ta ɗauki takalmi ta lanƙwasa, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa dunduniyarsa a kan teburin shago. Idan ta nemi lamba arba'in da biyu ta mata, mai shago ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu, sai ta ja tsaki ta yi gaba. Shetu na biye da ita da jaka.

'Yan kasuwar Kano da suke cin abinci tare da su sun ji labarin karatunta. Wani Alhaji Ghali ya ce, "To ke Hajiya ƙarama, da wa za ki yi wannan yaren a Kumasi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, har ya ƙara mata nama a kwano. Ita dai abincin bai ƙara shiga ba.

Akwai shago guda da Goggo ta fi sayayya a cikinsa, na wata mata mai suna Madam Fung, siririya, mai gajeren gashi, da za ta kai shekara arba'in. Wata rana da azahar Goggo ta tafi wajen masu loda kwantena, ta bar Shetu a shagon tana jiran a ɗaure kwalaye. Can bayan kwalayen sai ta ji kaset yana magana. Muryar namiji ce, yana cewa da Sifaniyanci, "Ina gidan waya yake?" Sai muryar Madam Fung ta maimaita, tana tauna kalmomin har ba a gane su.

Shetu ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ta faɗi jimlar daidai, a hankali.

Kaset ya tsaya. Madam Fung ta leƙo, ido waje. Ta dubi Shetu daga mayafi har silifa, sannan ta tambaye ta da ɗan Turancinta na ciniki, "Ke kin iya?"

Kafin Goggo ta dawo, Shetu ta ji labarin duka, rabi da baki rabi da hannu. Mijin Madam Fung ya tafi Benezuwela, ƙasar da ake Sifaniyanci, yana da kanti a can, kamar yawancin mutanen ƙauyensu. Ya tafi da 'yarsu tun tana shekara huɗu, a kan uwar za ta biyo baya, amma takardun tafiya suka yi ta ja. Yanzu yarinyar ta kai sha uku, har sunanta ya koma Karolina. Harshen uwarta ya zube mata. Idan aka haɗa su a waya sai ta ce "Mama", uwar ta ce "Kin ci abinci?", daga nan sai shiru, har uban ya karɓi wayar.

"Koya mini," in ji Madam Fung.

Shetu ta ce ita ba malama ba ce, ba ta ma gama ba. Matar ba ta fahimci wannan ba, ko kuma ta ƙi fahimta. Ta jawo kujerar roba ta goge ta da hannun riga.

Goggo Rekiya ba ta hana ba. "Je ki," ta ce. "Ko ba komai ta riƙa ajiye mana manyan lambobi."

Darasin farko bai yi kyau ba. Shetu ta fara da yadda aka koya mata, tana jera sauye-sauyen fi'ili, Madam Fung na kallonta kamar ana mata ruwa a ka. Shetu ta ga abin na neman komawa irin na ranar gwaji. Sai ta daina jerawa, ta dubi kaset ɗin da ke kan tebur. Wannan matar me za ta yi da gidan waya? Ta tambaye ta, "Me kike so ki ce wa Karolina?"

Madam Fung ta buɗe yatsun hannunta. Sannan ta fara lissafowa. Tana so ta san tsawonta. Wace ce ƙawarta. Ko har yanzu tana tsoron kare. Ko tana jin haushinta.

Da waɗannan suka yi aiki. Kowace azahar, idan ciniki ya lafa, su zauna tsakanin kwalaye. Takalma suka zama kayan karatu: ja, baƙi, babba, ƙarami, ya matse ni. Harafin "r" ya gagari Madam Fung, sunan kare da Sifaniyanci ya koma wani abu daban a bakinta, su yi ta dariya har maƙwabtan shago su leƙo. Ba a jima ba duk layin ya koma kiran Shetu "lawshi", wato malama. Tun tana cewa a daina har ta gaji.

Ranar wata Lahadi da safe aka buga wa Karolina waya, lokacin can yamma ce. Madam Fung ta roƙi Shetu ta zo. Ta sa sabuwar riga kamar za a gan ta. Da yarinyar ta ɗauka, uwar ta ja numfashi ta ce da Sifaniyanci, "'Yata, wace ce ƙawarki a makaranta?"

Sai magana ta ɓalle daga can, da sauri kamar an buɗe famfo. Fuskar Madam Fung ta rikice. Ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Ta tura wa Shetu kan wayar.

Shetu ta karɓa. Da ta ga dama da ta fassara komai, an wuce wurin. Amma ta ce, "Karolina, ni ce nake koya wa mamarki. Wata biyu ke nan tana fama saboda ke. Ki yi mata magana a hankali, kalma-kalma, kamar ƙaramar yarinya. Idan ba ta gane ba ki sake." Ta mayar da wayar, ta fita ta tsaya a bakin shago.

Daga nan tana jiyo su. "Sake faɗa." "A hankali." Can ta ji Madam Fung ta ce, "Kare? Kina da kare?" sai dariya, sai kuma dariyar ta koma kuka. Shetu ta goge nata idon da bakin mayafi, ta yi kamar tana kallon masu tura amalanke.

Da yamma, suna cin tuwon shinkafar da Goggo ta tuƙa a ɗaki, Shetu ta ce, "Goggo, ina so in koma in maimaita gwajin nan."

Goggo ta ci gaba da cin tuwonta. "Mace ɗaya a shago daban, yara hamsin daban. Kin sani ko?"

"Na sani."

"In sun sake yi miki dariya fa?"

"Sai su yi. In sun gama in ci gaba."

"To Allah ya ba da sa'a. Dama kasuwar ba ta karɓe ki ba, har yau ba ki iya bambanta fata da roba ba."

Shekarar da ta biyo baya Shetu ta sake tsayawa gaban aji. Muryarta ta yi rawa a farko, wasu yara a baya suka yi ƙus-ƙus, ta jira su, ta ɗora. Ba ta fita da babban sakamako ba, amma ta ci, aka ba ta shaidarta, aka tura ta wata sakandaren 'yan mata da ke nesa da Kumasi.

A can Goggo Rekiya ta kai mata ziyara bayan ta dawo daga wata tafiyar Sin. Ta ce ta tarar da ƙanin Madam Fung a shagon, ita takardunta sun fito, ta tafi wajen 'yarta. Shetu ta tambaya ko ta karɓo adireshi. Goggo ta dafa kai, ta ce wallahi sam bai zo mata ba, hankalinta na kan kwantena.